Igiyar Baba Tunau

Bazara ce, ta shekara ta biyu da damina ta juya mana baya. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye, gulbi ya koma yashi, sai an yi tono mai zurfi kafin a sami abin cika tulu. Ba yunwar na fi tunawa ba, gajiyar ce. Mutum ya tashi da safe a gajiye, ya gai da maƙwabci a gajiye, ya kwanta bai san abin da ya yi ba. Maza duk sun watse cin rani, har da mai gidana. 'Yan matana biyu na kai su Kurawa wurin innata don a rage baki. Gida ya rage daga ni sai cikin da ke jikina wata tara, sai akuya guda, sai Baba Tunau, ƙanen uban mai gidana, wanda anka bar ni hannunsa a nan Sabon Birni.

Ku da kunka san shi kun san ba ya shiga gida ya zauna sai ya tambayi inda ake kashe wutar lantarki. Sallama, lafiya lau, sai ka ji, "Ina makashinku?" Gidan suna haka, gidan biki haka. Ran da ya tafi ta'aziyyar wani amininsa a Isa, bai ɗaga hannu anka yi addu'a ba sai da anka nuna mashi akwatin wuta a bayan ƙofa, ya duba, sannan ya ce to, Allah shi jiƙan mamaci. Har Gangara ya je gai da ƙanwarsa, lokacin ko turken waya ba a kafa a garin ba, ya yi tambayarsa. Ta nuna mashi aci-balbal ta ce ga ta nan, da baki ake kashe ta. Ya daɗe yana kallon fitilar, ya ce gidanta ya fi duk gidajen Sabon Birni tsari.

Shekaru ya yi yana leburanci a ɗakin injin wuta a Isa, goge ƙarfe da zuba mai. Can ya samo yatsu biyu na hannun dama da sunka lanƙwashe ba su miƙewa, kuma bai taɓa faɗa wa kowa yadda anka yi ba. Tun daga nan ba ya fara taɓa ƙarfe da tafin hannu, sai da baya, ko da kwanon tuwo ne. Ya ce bayan hannu in wuta ta buge shi gudu yake, tafi kuwa rungumar abin yake. Takalminsa na taya ba ya fita ƙafarsa sai alwala da ƙofar masallaci, nan ma da tsaki. In an yi mashi dariya sai ya ce, "Kunnawa ko jariri ya iya. Wa za shi kashe?"

Na haihu ranar wata Laraba, mace. Itacen wankan jego da mai gidana ya tara mani kafin ya tafi bai kai ƙugu ba, kwana tara ya ƙare. Shekarar, mata sai su fita da asuba neman ice su dawo azahar da abin da bai dafa tuwo biyu. Ga wanka safe da yamma har kwana arba'in, da ruwa mai tafasa. Inna Tumba, ungozomar da ta yanke cibiyar rabin unguwarmu, ita ke zuwa yi mani wankan. Ta tsaya kan inda icen yake a da, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin mai jegon da ta yi wasa da ruwan zafi ta ƙare lafiya ba. Ta lissafa mani mata uku da sanyi ya shiga, ƙafa ta kumbura. Ni ma na san biyu daga cikinsu. Na tsorata ƙwarai, don in na kwanta ba mai ɗaukar ɗiyata.

Sai Baba Tunau ya shiga ɗakinsa ya buɗe akwati ya fito da wani abu naɗe cikin tsohon rawani. Hita ce, irin ta ƙarfe mai murɗe da ake tsomawa cikin bokiti, wani direba ya kawo mashi daga Maraɗi tun da daɗewa. Bai taɓa kunna ta ba. Ya ce yana jiran ranar da ta cancanta.

Shi da Inna Tumba taubasai ne, ba su haɗuwa su rabu lafiya. Ta duba hitar ta ce ruwan da bai ga wuta ba bai shiga ƙashi, wannan ruwa ne da anka tsorata kawai. Ya ce ta sa hannu ta ji in tsoro ne. Sannan ya yi sauri ya ce kada ta kuskura ta sa hannu.

"To wanne za ni ɗauka, Mai-yatsu-takwas?"

"Na biyun, tsohuwar reza. Na farko baƙar magana ta."

Sun yi yini guda suna wannan. Daga ƙarshe anka shirya a kan cewa hita za ta tafasa ruwa, in an sauke Inna Tumba ta jefa garwashi guda a ciki don ruwan ya shaida ya ga wuta. Kullum sai ta zo da garwashinta cikin sakaina, ta jefa, ya yi cuu, ta ce yanzu ya zama ruwa. Sannan ta tsoma ganyen dogon yaro ta hau fyaɗa ni.

Amma kafin a kai nan sai da Baba Tunau ya kwashe kwana biyu yana shiri, ni kuwa ina wanka da abin da kara ya ɗumama. Makashin wutar gidan yana zaure, akwati ne mai hannu, in an ja hannun ƙasa wuta ta yanke. Makewayi kuma yana can ƙarshen gida. Ya auna da taki ya ce talatin da ɗaya, kafin tsoho ya yi taki talatin da ɗaya an gama mutuwa. Sai ya tufka igiyar rama mai tsawo, ya ɗaura a hannun makashin, ya bi da ita ta cikin zoben ƙarfe, ta kan katanga, ta gindin turken rumfa, har bakin makewayi. Duk wanda ya ja ta daga can, hannun ya faɗi a nan. Ya kafa doka: ba mai taɓa bokiti sai ya ja igiya. Ya kuma jingina busasshiyar taɓarya a bakin makewayin, ya ce in wuta ta riƙe mutum ba a kama shi da hannu, da ice ake ture shi, kuma wadda ta ɗauki taɓaryar nan ta yi daka ba shi ba ita. Na ce a raina, Baba, me za a daka.

Sannan ya fara gwada mu. Ina zaune ina ba ɗiya nono, ko na samu na ɗan kishingiɗa, sai in ji daga zaure, "Ta kama!" Dole in tashi da ɗiya a hannu in je in ja igiya, shi yana can yana ƙirga da tasbaha. Wata rana ya ce na yi goma sha huɗu, da gaske ne da Inna Tumba ta riga mu gidan gaskiya. Inna Tumba tana jinsa ta ce me ya sa kullum ita ce ke mutuwa a lissafinsa. Ya ce don ita ce ba ta jin magana. Gaskiyarsa kuwa, ba ta taɓa jan igiyar nan ba, ni ke ja mata. Ta ce ita ba jaka ba ce da za a koya mata jan guga.

Ban taɓa yi mashi musu ba. Suruki ne, kuma saboda ni yake yi. Ta Kurawa yake ce mani, ba ya kiran sunana, ni kuma ko ido ba na haɗawa da shi. Amma Allah ya sani na gaji.

Abin da bai sa cikin lissafi ba akuya ce. Dabbar nan ta ci takarda, ta ci tsumma, ta ci gefen tabarmata, sai ga igiyar rama sabuwa ta ratsa gabanta. Ta miƙe da ƙafa biyu ta kama, ta ja, wuta ta yanke. Ya shafa wa igiyar barkono, ta lashe barkonon ta ƙara da igiya. Ya shafa maɗaci, ta yi atishawa ta ci gaba. Ya ɗaure ta, ta cinye abin ɗaurin. Na ce ko a sayar da ita, ya ce a kasuwar bana kuɗin akuya bai sayen igiyar da ta ci, kuma dai ita kaɗai ce a gidan nan ta fahimci aikin makashi, ko ƙirga uku ba ta kaiwa.

Da a ce in wuta ta yanke mayar da ita ake yi kawai, da da sauƙi. Baba Tunau ba ya mayar da wuta haka nan. Sai ya fitar da hita, ya goge, ya bi waya tun daga zaure har makewayi yana duba ta taki-taki, ya tambayi wanda ya ja, ko da akuyar na tsaye da igiya a baki. Wutar gari kuwa lokacin ba ta da alkawari, takan zo da hantsi ta ɗan jima, ta dawo wajen la'asar. Kafin ya gama bincike an ɗauke ta. Ga shi wata rana ruwa ya yi kaɗan a bokiti, don tulu guda munka samu, wuyan hitar ya fito waje ya yi ja ya tsage. Ya naɗe wurin da robar tayar keke, ya ƙara tsananta doka.

Kwana uku a jere ina wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi. Rana ta uku Inna Tumba ta danna ƙaurina da yatsa, wurin ya lotsa bai taso da wuri ba. Ta ɗago ta dube ni. Da ta yi faɗa da ya fi mani sauƙi.

To ni ɗiyar masu shanu ce ta wajen uwa. Tun ina ƙarama na iya ƙullin da ake ɗaure maruƙa a dangwali, wanda in maraƙi ya ja sai ya ƙara tsukewa. Na je turken rumfa, inda igiyar ke bi ta baya ba a gani, na yi mata wannan ƙulli. Akuya ta ja iya ƙarfinta, jan ya tsaya a turke, bai kai zaure ba. In ruwa ya tafasa sai in kwance da kaina, in ja, in ce wa Inna Tumba bismilla. Kwana biyar ina samun ruwa mai ƙuna, kumburin ƙafata ya sauka. Baba Tunau har yabon akuya ya yi, ya ce ta yi hankali.

Rana ta shida, kwana ashirin da shida da haihuwa, ɗiya ta hana ni runtsawa, ciki ke damunta. Da la'asar wuta ta zo, Baba ya tsoma hita ya kunna, ya fita ƙofar gida yin alwala. Na ƙulla igiya, na ce bari in ɗan jingina da bango kafin ruwa ya yi. Barci ya sace ni.

Inna Tumba ta zo da wuri ran nan. Ta leƙa ta gan ni ina barci da ɗiya a ƙirji, ta ji tausayina ta ƙi tashina. Ta ce bari yau ta yi komai da kanta. Kuma ran nan, karo na farko tun da anka kafa doka, ta ja igiya. Ta ji ta yi tauri a hannunta, ta ɗauka shi ke nan. Ta kama bakin bokitin ƙarfe da hannu biyu.

Ba ihu na ji ba, ba ta iya ihu ba. Ƙarar bokiti na ji yana kaɗawa a kan dutsen wanka. Na ajiye ɗiya ban san inda na ajiye ta ba. Na iske Inna a duƙe, jikinta na rawa, idonta a kaina. Na ja igiya, ba ta motsa ba, sannan na tuna. Jan da ta yi ya tsuke ƙullin, ba kwance shi da farce. Na ɗaga murya na kira Baba, abin da ban taɓa yi ba tun da anka kawo ni gidan. Na ɗauki taɓarya na sa mata a ƙirji na tura da duk ƙarfin da ya rage mani. Ta faɗi baya, bokiti ya kife, daidai lokacin na ji ƙarar makashi ya faɗi a zaure. Sai ga shi ya shigo da gudu, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya ba, ruwan alwala na ɗiga a gemunsa.

Ta yi shiru a ƙasa har na fara salati. Can ta ja numfashi, ta buɗe ido, ta dube ni da taɓarya a hannu. Abin da ta fara cewa shi ne ita ta wanke ni, ta gasa ni, yau ni ce da dukanta da taɓarya kamar ɓarauniyar kaza. Tafin hannunta biyu sun sale, ruwan zafi ya zubar mata a ƙafa, haƙarƙarinta ya yi wata guda yana ciwo. Ruwan da munka yi yini biyu muna tarawa kuwa yashi ya shanye shi nan take.

Baba Tunau ya bi igiyarsa da ido tun daga makewayi, ya tsaya a turken rumfa. Na gan shi ya zaro 'yar wuƙarsa ya yanke ƙullin ta gefe biyu ya sa aljihu. Kafin ya juyo gida ya cika. 'Ya'yan Inna Tumba mata sun zo suna kuka, tsofaffin unguwa sun zo, mai unguwa ya zo. Kowa na faɗin abin da ya daɗe yana so ya faɗa: tsoho ya ruɗe, ya mai da gida tarko, shekara nawa yana damun mutane da makashi ga shi nasa bai yi aiki ba. Inna Tumba daga kwance ta ce ta ja, wallahi ta ja, igiyar mahaukaci ce ba ta ja komai. Mai unguwa ya ce a ba shi hitar. Baba ya naɗe ta cikin rawaninta ya miƙa da hannu biyu.

Anka tambaye shi abin da ya faru da igiyar. Ina tsaye bakin ɗaki da ɗiya. Ya ce, "Igiyata ta. Yau ban bi ta ba kafin in kunna. Laifina na."

Na buɗe baki, ya juyo ya ce mani mai jego ba ta tsayuwa cikin iska, in shiga ɗaki. Na shiga. Wannan shigar har yau ina jin nauyinta.

Bayan magariba, da mutane sunka watse, na ji ana fasa ice a tsakar gida. Na leƙa, sai ga shi ya sauke murfin rumbu yana ɓalle sandunan da gatari. Ya ce rumbun bai da abin tsarewa bana, ice ne ke zaman banza. Ya aro tulu guda na ruwa a maƙwabta, ya haɗa wuta da kansa, ya ɗora tukunya. Sannan ya zo bakin ƙofata ya tsaya, ya ba ni baya yadda ya saba.

"Ta Kurawa."

"Na'am, Baba."

"Ƙullin mutanenku na da kyau. Ko bijimi bai kwance shi. Da kin gaya mani ruwan bai zafi. Ni igiya nike kallo, ban kalli ruwa ba."

Sai hawaye sunka zubo mani. Ya ce in bar kuka kada nono ya tsinke, kuma in an yi arba'in in koya mashi ƙullin, yana da akuyar da ke bukatarsa.

Da icen rumbu da na ƙofar ɗakinsa na ƙarasa wankana. Bai sake tambayar kowa makashi ba sai da anka yi wata biyu, sannan a hankali ya koma halinsa, har ranar da ya bar mu cikin watan jiya. Waɗanda sunka kai shi asibiti sun ce da anka kwantar da shi, ya ɗaga kai ya duba bango, ya tambayi malamar jinya inda ake kashe wuta. Allah ya jiƙan Baba Tunau. Allah ya sa yadda ya rufa mani asiri a gaban mutane, a rufa mashi nasa ranar da ba mai rufa wa wani. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya ba shi hutun da bai ba kansa ba.

Amma ban bar shi da kayan ba, wannan nake so ku sani, ku jikokinsa da kunka tashi kuna jin ana cewa igiyarsa ta ci amana. Washegari da safe, ina da saura kwana goma sha uku in fita, na goya ɗiyata na lulluɓe mu da zane, na bi ta zaure. Yana zaune a kan buzu, ya ɗaga kai, ban tsaya ba. Na ratsa unguwa mata na leƙowa suna tambayar ko lafiya mai jego a waje. Na iske Inna Tumba kwance, hannu biyu naɗe da tsumma, 'ya'yanta da maƙwabta zagaye da ita. Na durƙusa a bakin tabarmarta, ban jira an gama gaisuwa ba, na faɗa masu wanda ya ƙulla igiyar.